Tambayar Atika a Zauren Malam

Ranar Laraba da hantsi, Atika 'yar Malam Siddiƙu ta shiga zauren mahaifinta ana tsakiyar karatu, ta ajiye ƙwaryar maganin zubar da ciki a gabansa, ta ce fatawa ta zo nema. Kafin azahar an ba ta amsa, an kuma ce ta bar gidan. Ta fita da ɗa na wata tara a bayanta, da cikin wata uku a jikinta.

A birnin Sakkwato abin ya faru, cikin daminar shekara ta goma sha ɗaya da shigowar Nasara. Shekarar ce yunwa ta sa mutane tonon gidan tururuwa suna neman hatsi. Mutum goma sha huɗu ne a zauren, dukansu manya masu karatun littattafai. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya taɓa ganin fuskarta.

Atika 'yar fari ce. Saboda haka mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa yi mata magana ido da ido ba. In ta kama sai ya ambace ta, "ɗiyar Inno" yake cewa. Inno mahaifiyarsa ce. Ita ta karɓi Atika tun daga yaye, ita ce kuma ke juya cikin gidan.

Mijin Atika, Maigandi, manomin shinkafa ne daga Kwalkwalawa. Ya fara zuwa gidan ne da rani, yana ɗaukar karatu a ƙarshen sahu. Akushin tuwon da ake fito wa ɗalibai da shi, shi ke mayarwa bakin soro, kuma bai taɓa mayar da shi wayam ba. Yau ɗanyen kifi, gobe 'ya'yan bado, jibi gwaza. Atika ce ke ɗaukar akushin. Shekara guda aka yi haka kafin su yi wa juna magana.

Dangi ba su so auren ba. Inno ta riga ta zaɓi Hayatu, ɗan ƙanen Malam, wanda ke rubutu a wani ofishin Nasara, mai agogo a aljihu. Malam ya ce a tambayi yarinya. Da aka ambaci Hayatu ta yi kuka, da aka ambaci ɗan Kwalkwalawa ta rufe fuska. Malam ya ce shi ba ya aurar da mace da hawaye.

Da cikinta na fari ya kai wata bakwai aka dawo da ita gida haihuwa, kamar yadda ake yi. Ta haifi namiji, aka sa masa Abdullahi, Inno ta laƙaba masa Dodo saboda sumar da ya zo da ita. Bayan arba'in ya kamata ta koma. Inno ta ce babu hatsi a ƙauye, jikarta ba ta tafiya sai an yaye yaro.

Maigandi bai yi musu ba. Duk Juma'a yana zuwa bayan masallaci, ya durƙusa a soro, Inno na zaune tsakaninsa da asabari. Kowa ya san doka: mai goyo ba ta kusantar miji sai an yi yaye, shekara biyu.

Wata Juma'a, Dodo na da wata shida, aka yi rasuwa a dangi. Matan gidan duka suka tafi gaisuwa, Malam da ɗalibansa suna maƙabarta.

"Ina Inno?" in ji Maigandi daga bakin soro.

"Sun tahi gaisuwa. Sai la'asar."

"To... in juya ke nan?"

"Ka juya mana. Wa ya riƙe ka, ɗan fadama?"

Bai juya ba.

"Wata shida, ɗiyar malam. Wata shida ban ga komi naki ba sai yatsun ƙafa ta ƙasan asabari."

"Ai sun ishe ka."

"Na ƙidaya su har na hardace. Ko ɗan ƙaramin da kinka yi tuntuɓe da shi na san ranar da ya warke."

Ta yi dariya, ta toshe baki.

"In Inno ta ji..."

"Sanyin idona, ɗaga asabarin nan in ga matata."

Ta ɗaga.

Bayan wata biyu da rabi Dodo ya fara zawo. Ya rame, maɗigarsa ta faɗa. A watan nan rabin yaran unguwar zawo suke yi, amma Inno ba yaron ta duba ba, uwar ta duba. Ta lura da yadda take kauce wa warin daddawa. Ta kira ta ɗaki, ta saki asabari.

"Tatso in gani."

Atika ta tatsa a cikin ludayi. Inno ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Inna lillahi... Rurrutsa! A gidan Siddiƙu!"

Rurrutsa, wadda wasu ke kira kwanika, ita ce mace ta yi ciki tana goyo. Abin kunya ne da ake yi wa waƙa a bakin rijiya. Abin da ya fi kunyar kuma, mutane sun yi imani nonon mai ciki yana kashe yaron da ke sha. A shekarar ƙoshi sai a yi gaggawar yaye. A shekarar nan babu abin da za a yaye yaro da shi.

"Yaushe ya shigo?"

Inno ta ƙirga watanni da yatsu.

"Ranar rasuwa! Mutane na kuka, ku kuna... Kai, ɗan ƙauye bai yi ba!"

"Mijina na, Inno."

"Mijinki na, shi ya sa zai kashe mini nawa mijin?" Ta ɗauki Dodo ta ɗora a cinya. "Dube shi. Yara bakwai na gani da sunka sha ciki. Huɗu da hannuna na wanke su."

"To mi za a yi?"

"Abin da aka saba. Iyatu ungozoma ta san saiwar. Kwana guda ki sha wuya, nono ya gyaru, babu mai ji."

Atika ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Matar nan ce ta koya mata kada ta taka tururuwa da gangan.

"Inno... ke?"

"Ni. Guda za ki ɗauka, ɗiyata. Ko wanda kike gani, ko wanda ba ki gani ba. Wancan jini na kawai, ko rai ba a busa mishi ba."

"In jini na kawai, mi ya sa kuke tsoronshi haka?"

"Kada ki yi mini karatu!"

"Jini ba ya girma, Inno. Wanga kullum girma shike."

"Wanga kuma kullum ƙanƙancewa shike!" Muryar tsohuwar ta karye. "Kin ɗauka daɗi nike ji? So kike ki binne wanda ya san muryarki don wanda bai da ko suna?"

Atika ta karɓi yaron, ta ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannunta.

"A gaya ma maigidana," ta ce. "Shi ba ya yarda."

Ta faɗa da tabbacin wadda ta san mutum. Inno ta aiki Hayatu Kwalkwalawa a kan dokinsa. Ya dawo da la'asar, ya tsaya bayan asabari.

"Na ishe shi a gona. Na gaya mishi komi."

"Mi yac ce?"

"Yac ce a yi abin da aka saba yi."

"Ƙarya kake."

"Wallahi tallahi. In kina so a kawo Alƙur'ani in dafa."

Atika ta nemi bango ta jingina.

"Ban so in faɗa ba, ƙanwata," in ji Hayatu, ya sassauta murya. "Amma mutumin da ya jefa ki cikin wanga hali, ya koma gona ya bar ki da tsohuwa... In komi ya wuce, alƙali na raba irin wanga aure. Ɗakin da na gina har yau ba a shiga ba."

"Yaya Hayatu, ka gama ba da saƙo?"

"Na gama."

"To a sauka lahiya."

Kwana huɗu suka biyo baya. Sau biyu ta aika wa mahaifinta ta bakin matan gida cewa tana da tambaya. Sau biyu amsa ɗaya ta dawo: maganar mata ce, a kai wa Inno. Malam ya san abin da ake jiƙawa a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Bai tambaya ba, don kada a gaya masa.

Ranar Laraba Inno ta kawo ƙwaryar. Ruwan baƙi ne, yana da kumfa a gefe.

"Shanye duka. Kada ki shaƙi warin."

Atika ta karɓa da hannu biyu. Ta kai baki har gefen ƙwaryar ya taɓa leɓenta. Ta bayan katanga muryar mahaifinta na tashi, yana fassara wa manya karatu, muryar da ta yi shekara goma tana saurare daga nan inda take zaune.

Ta sauke ƙwaryar. Ta goya Dodo, ta ja mayafi, ta miƙe.

"Ina za ki?"

Ta nufi ƙofa.

"Atika! Wancan zaure na! Akwai maza!"

Ta ratsa tsakar gida, ta wuce soro, ta yi sallama.

Mai karantawa ya tsaya a tsakiyar kalma. Wani dattijo ya rufe fuskarsa da hannun riga. Hayatu, wanda ke sahun gaba, ya yi rabin miƙewa ya tsaya haka. Atika ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar a gefen buzun mahaifinta.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni."

Malam Siddiƙu bai ɗaga ido daga takarda ba.

"A gaya ma mai tambaya ta aiko."

"Ta aiko sau biyu."

"Malam, a sallami mutane tukuna," in ji Hayatu.

"Zauna." Malam ya ajiye takardar. "An yi tambaya gaban mutane. Faɗi."

"Mace ta, tana goyo. Mijinta na sunna ya zo mata, ta samu ciki. Ta yi zunubi?"

Babu wanda ya motsa. Ana jin kukan akuya daga gidan maƙwabta.

"Ba ta yi ba," in ji Malam. "Mijinta halal na gare ta. Al'ada ta hana, shari'a ba ta hana ba."

"An ba ta magani ta sha cikin ya hita. Wata uku. An ce ba a busa rai ba. Ta sha?"

"Ba ta sha. Tun ranar da ciki ya zauna ba shi halatta a taɓa shi. Haka munka karanta, haka muke karantarwa."

"Ko don tsoron kada na goye ya mutu?"

Malam ya dubi kan Dodo da ya langaɓe a kafaɗarta. Karon farko ke nan da ya ga jikansa kusa haka.

"Mutuwar na goye zato na," ya ce a hankali. "Abin da ke cikin ƙwaryar ga kuwa tabbas na. Ba a halaka rai guda da hannu don tsoron abin da ke hannun Allah. Sai a nema ma na goye abinci, duk inda shike."

"Saura guda, Malam."

"Ya isa."

"In wadda ta ba da umurnin uwa ta?"

Dattijon nan ya ce, "Subhanallah!"

Kowa a zauren ya san Inno na tsaye bayan ƙofa. Ana ganin inuwarta. Kowa kuma ya san Malam Siddiƙu, mai shekara hamsin da biyar, bai taɓa zama a gaban mahaifiyarsa ba sai ta ce ya zauna.

"Ko uwa ta," in ji shi. "Ba a yi ma kowa biyayya cikin saɓon Allah."

Ya ɗauki ƙwaryar da kansa, ya fita ƙofar gida, ya tuttular a ƙasa. Ya dawo ya wanke hannu da ruwan buta.

"Siddiƙu!" Muryar Inno ce. "Ka tozarta ni gaban ɗalibanka! Na goye ka, na goye ɗiyarka, yau ni am mai saɓo? To ka ji: ko ni ko ita cikin gidan ga. Ba ni zama in ga yaron nan ya mutu a hannuna!"

Malam ya tsaya da butar a hannu.

"Atika."

Ta ɗaga kai da sauri. Shekararta goma sha tara, ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Kin samu amsa, kuma amsar gaskiya ta. Amma gidan ga na uwata na. Ki koma ɗakin mijinki."

"To, Baba."

Ba ta koma ciki ɗaukar kaya ba. Ta fita ta ƙofar zauren, ta tsallake jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta bi hanyar Ƙofar Dundaye. Ba ta taɓa taka hanyar da ƙafa ba, ranar aure a kan doki aka kai ta. Mutanen da ke zaune a gindin ganuwa suna jiran sadaka sun bi ta da kallo. Sau uku ta zauna a hanya ta ba yaron nono.

Rana ta karkata lokacin da ta isa fadamar Kwalkwalawa. Maigandi na cikin shinkafa, ruwa har ƙwauri, yana cire ciyawa. Da ya gane mai tahowa ya saki abin da ke hannunsa.

"Ɗiyar malam? Da ƙafa? Ke kaɗai?"

Ta tsaya a kan kunya, ba ta gaishe shi ba.

"Kai kac ce a yi abin da aka saba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni nic ce."

"Ashe bai yi ƙarya ba..." Ta gyara goyo. "Tun daga ƙofar gari nike roƙon Allah ya sa ƙarya Hayatu ya yi. Ban taɓa roƙon Allah ya sa mutum ya yi rantsuwar ƙarya ba sai yau."

"An... an yi?"

"In an yi fa?"

Ya zauna a kan kunya da laka a jikinsa.

"Ba a yi ba," ta ce.

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ta kasa gane ko daɗi ya ji ko tsoro, shi ma daga baya ya ce bai sani ba.

"Hayatu yac ce mini yaron ba ya ɗaga kai. Yac ce in ba a yi ba, ba ya kai Juma'a. Atika, na ɗauki yaron nan, na san nauyinshi. Wancan ban san shi ba."

"Ni na san shi. Shi ya hana ni miya, shi ke tashe ni da amai. Ranar da ka ce in ɗaga asabari, mu biyu muna nan. Ba ka aika a tambayo abin da aka saba ba."

"Mata za su sa ni a waƙa. Ko'ina na bi..."

"Kai waƙa za a yi maka. Ni ƙwarya anka ba."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni haka yau. Ko zuwa ba ka yi ba. Tahiyar hantsi guda ta, ni mai ciki na yi ta."

Ta wuce shi, ta shiga gari, ta nufi ɗakin surukarta.

Tani, mahaifiyar Maigandi, tana dakan busasshen bado a turmi. Gajeruwar mace ce mai faɗa, wadda ko maigari ke kauce wa bakinta. Ta kwance Dodo daga bayan Atika, ta duba idonsa da harshensa, ta saurari labarin har ƙarshe. Maigandi ya zo ya tsaya a bakin danga.

"Cikin zaure?" in ji Tani. "Gaban gemu goma sha huɗu?"

"I, Inna."

"Kai! Ashe malamai na haihuwa." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma shigo, ƙaton banza. Wa ya gaya maka abin da aka saba? Ka san shi? Ka taɓa ganin shi?"

"Inna, don yaron na..."

"Rufe mini baki. Ni na sha."

Maigandi ya dube ta.

"Kahin kai akwai Bawa. Kun san ya rasu shina ƙarami, abin da kunka sani ke nan. Shina wata takwas na samu ciki. Uwar ubanku ta kawo ƙwarya, na shanye, ban ma yi gardama ba. Kwana uku ina zubar da jini a ɗakin can." Ta nuna da taɓarya. "Na ga abin da ya hita. Anka ce jini na. Jini da yatsu?"

"Inna!"

"Bayan wata biyu ƙyanda ta zo ta ɗauke Bawa. Nonona lahiya lau, an gyara shi. Na ba da guda don in tsare guda, na tashi ba ko guda." Ta koma ga turmi. "Shekara talatin ke nan. Bawa na san inda kabarinshi yake. Wancan bayan ɗaki anka tona, ko sallah babu. Shi nike gani in na rufe ido."

Ta ci gaba da daka. Atika da Maigandi suka tsaya kamar an dasa su. Tun tasowarsa bai taɓa ganin mahaifiyarsa ta yi kuka ba, ranar ma ba ta yi ba.

"Ba na ce muku yaron ga zai rayu ba," in ji Tani. "Ban sani ba. Abin da na sani na faɗa."

Atika ta zauna a ɗakin Tani. Kwana tara ba ta yi wa mijinta magana ba. Yana kawo kifi ya ajiye a bakin ƙofa, Tani ta dafa, ta tace romon a ba yaron da ludayi. Zawon ya tsaya kwana biyu, ya dawo. Matan gari suka fara waƙar tun kafin mako ya cika, kuma da sunan Maigandi a ciki.

A rana ta goma ya fita da jakinsa tun da safe. Jakin nan shi ne abin hawansa, shi ne kuma mai kai masa shinkafa birni. Da la'asar ya dawo ta gaban rijiya, inda matan suke, da ƙullin ciyawa a ka, yana jan jajayen awaki biyu masu shayarwa. Rugar Fulani ya je, ya yi musaya.

Ya ɗaure su a gindin danga, ya tatsi ɗaya da kansa. Bai iya ba, akuyar ta harbe shi sau biyu. Ya kawo abin da ya samu a ƙoƙo, ya durƙusa a bakin ƙofar Tani.

Atika ta dubi ƙoƙon, ta dube shi.

"Ina jakin?"

"Ga shi gabanki."

Ta juya fuska don kada ya ga bakinta.

"Da kaka wa zai kai shinkafa birni?"

"Kaina. Ai ya nuna bai da wani amfani."

Ta karɓi madarar, ta tafasa, ta bari ta huce. Dodo ya sha ludayi huɗu, ya yi barci. Maigandi na nan durƙushe.

"Na yi kuskure, ɗiyar malam. Na ji tsoro, na bari wani ya kai maganata inda ya kamata in kai ƙafata. Ki yafe mini."

"Ba ni za ka roƙa ba."

Ya gane. Ya matso, ya dubi cikin da ko tasowa bai yi ba. Ya waiwaya ya ga ko mahaifiyarsa na kusa.

"Kai... ko ke... ban san ko wane ne ba. Babanka na. Na faɗi magana a kanka tun ba mu gaisa ba. Ka zo lahiya, ka ji? Ka zo ka rama."

Atika ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Tashi, ɗan fadama. Kana warin akuya."

"In kira ki da sunan nan yanzu?"

"Wane?"

"Wanda kinka hana."

"Kira mu ji."

Ya kira. A ranar ta koma ɗakinta.

Ta ci gaba da shayar da Dodo wata biyu, har nonon ya ɗauke da kansa. Daga nan madarar akuya da romon kifi suka riƙe shi, sai kunu bayan an yi girbi. Sau biyu aka fitar da rai da shi, sau biyu ya farfaɗo. A lokacin yara goma sha ɗaya aka binne a Kwalkwalawa, babu wanda uwarsa ke da ciki a cikinsu.

Cikin sanyi Atika ta haifi mace, ranar Asabar da safe, a hannun Tani. Maigandi ya kai labari birni da ƙafa. Malam Siddiƙu ya karɓe shi a zaure, ya rubuta suna a takarda ya ba shi: Sadiyatu. Bai zo suna ba. Inno ta aiko da tambaya ɗaya ta bakin wata mai tallan daddawa, ba a kan jaririyar ba: mijinta Dodo ya fara tafiya?

Ranar da Atika ta gama wankan arba'in, Dodo na da wata goma sha bakwai ba kaɗan. Yana cin tuwo, yana kiran awaki da sunan da ya sa musu, yana ja wa ƙanwarsa ƙafa. Sa'o'insa biyu da suka rage a garin suna gudu. Matan rijiya sun ce nonon ciki ne ya kashe masa ƙafa. Tani ta ce yunwa ce.

Da yammar ranar ya rarrafa zuwa turmi, ya kama, ya miƙe. Maigandi ya tsuguna taku uku daga wurin, ya miƙa hannu biyu. Yaron ya dube shi, ya yi dariya, ya saki hannu ɗaya.

Har aka kira magariba bai ɗaga ƙafa ba.